Mutumin da Ya Ari Akwatin Giyar Motar Masallaci

An yi wani mutum a garin Parakou, mazaunin unguwar Ladjifarani. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye, kuma ba tonon asiri ya sa na ɗauki alƙalami ba. Fataucin doya yake yi. Yana da rumfa a kasuwar Arzèkè, amma tushen gidansu a Djougou yake, cikin zango, inda kakanninsa suka sauka da fataucin goro tun ba a shimfiɗa kwalta ba.

Ƙarfin kasuwancinsa duk a kan mota ɗaya yake. Tsohuwar kat-kat ce, irin mai jan ƙafa huɗu, wadda aka daɗe da daina ƙera irinta. Da damina, idan sabuwar doya ta fito, hanyoyin daji sukan zama laka, manyan motoci ba sa shiga. Wanda ya riga isa ƙauye shi ke saye da araha. Mutumin nan kullum shi ke riga kowa, saboda wannan tsohuwar mota.

Wata shekara, damina na ƙarewa, akwatin giyar motar ya lalace. Makanikai a nan suna ce masa bwat. Shi ne ƙarfen da ke ƙarƙashin mota yana kai ƙarfin inji ga ƙafafu, kuma a jikinsa ƙaramar giya take, wadda idan direba ya ja ta ƙafafu huɗu suke ja tare. Motar tana tafiya a kan kwalta, tana kuka, amma ƙafafun gaba sun daina kamawa.

Ya kai ta garejin wani makanike mai suna Mourtala. Mourtala ya shiga ƙarƙashi, ya fito yana goge hannu yana dariya.

"Patron, wannan motar fa ta girme ni. Bwat ɗinta sai dai a tambayi kakana inda ake sayarwa."

"Ka bar wasa. Za a samu ko ba za a samu ba?"

"Sabo dai babu, har Cotonou. Okaziyo kuwa, wato na hannu, sai an yi sa'a."

Mutumin ya zaga wuraren da ake yanka matattun motoci a Parakou, bai samu ba. Ya aika Cotonou, aka ce ana dubawa. Rani ya shigo, ba abin da ya zo.

To, ya 'yan uwa, ga inda jarrabawa ta same shi.

A masallacin zango na Djougou akwai wata mota. Marigayi Alhaji Abdulgani ne ya bar ta wakafi, domin ɗaukar marasa lafiya daga ƙauyuka zuwa asibiti, da ɗaukar gawa zuwa maƙabarta. Ita ma kat-kat ce, kuma iri ɗaya ce da ta mutumin nan, kamar tagwaye. Kowace shekara bayan damina akan kawo ta Parakou a yi mata gyara, a sabunta takardunta. Mutumin nan ne ya ɗauki wannan hidima a kansa. Ya ce don Allah yake yi. Dattawan masallaci suna sa masa albarka a kai.

Da aka kawo ta a wannan shekara, sai ga motocin biyu a gareji ɗaya, gefe da gefe.

Makanikai suna da wata al'ada da kowa ya sani. Idan ba su tabbatar da inda ciwon mota yake ba, sukan kwance kaya daga lafiyayyiyar mota su ɗaura a marar lafiya, su gwada, sannan su mayar. Aron gwaji kenan. Ba laifi ba ne, in da izinin mai abu, in kuma an mayar.

Mourtala ya ce, "Mu ɗaura na masallaci a taka mu gani. Kada ka sha wahalar neman bwat, ashe akwai wani ciwon a wani wurin."

Aka kira ƙarti, domin akwatin giyar kat-kat ba kayan mutum ɗaya ba ne. Aka sauke, aka ɗaura na masallaci a motarsa. Mutumin ya hau motarsa ya fita bayan gari, ya sami wani kwari mai yashi, ya ja ƙaramar giya. Motar ta haye kamar sabuwa. Ya tsaya a can shi kaɗai, inji na aiki, hannunsa a kan sitiyari. Ba wanda ya san abin da ya faɗa wa zuciyarsa a wurin nan sai Allah.

Da ya dawo, Mourtala ya ce, "To, an gani. Mu mayar?"

"Bar shi tukuna. Ka ɗaura nawa a tasu, kafin na Cotonou ya iso."

"Patron, motar gawa ce fa."

"Cikin gari take yawo. Wa ke jan ƙafa huɗu da rani? Aro ne, ba sata ba. Kafin ruwan farko na mayar."

Mourtala ya ɗaga kafaɗa. Ya ɗura wa lalataccen akwatin mai mai kauri, ya haɗa da garin katako don kukan ya ragu, ya ɗaura shi a motar masallaci. Aka wanke ta fes, aka mayar da ita Djougou. Dattawa suka ce Allah ya saka da alheri.

Ku tsaya mu yi magana. Wa ya ara masa? Alhaji Abdulgani yana kabari. Liman bai sani ba. Marasa lafiyar da aka yi wakafin dominsu ba a tambaye su ba. Aron da mai abu bai sani ba, mene ne sunansa? Mun iya sauya wa zunubi suna. Mu ce aro, mu ce dabara, mu ce ai kowa na yi. Mala'ikun da ke rubutu ba sa rubuta sunan da muka zaɓa, abin da muka aikata suke rubutawa.

Direban motar masallaci wani dattijo ne, Abdulrashid. Da ya tuƙa ta ya ji muryarta ta sauya. Ya je ya gaya wa dattawan kwamiti.

Suka ce, "Motar da ta dawo daga gyara yanzu-yanzu? Mutum yana yi mana hidima kyauta, mu koma muna yi masa tambayoyi? Ka yi haƙuri, Malam Abdulrashid, tsufa ne, kai da motar duka."

Aka yi dariya, aka tashi. Ba wanda ya sunkuya ya duba.

Rani ya wuce. Motar tana kai gawa maƙabarta, tana kai masu haihuwa asibiti, duk a kan busasshiyar hanya. Na Cotonou bai zo ba. Ruwan farko ya sauka. Mutumin ya tuna alkawarinsa, ya ce bari a ɗan ƙara kwana biyu. Ruwa ya zauna, sabuwar doya ta fito, ya ce yanzu kam ba lokacin tsayar da mota ba ne, sai bayan kaka.

A zangon Djougou akwai wani malami, Malam Muttaƙa. Rabin mazan unguwar a gabansa suka koyi karatun Alƙur'ani, har da mutumin da nake ba ku labari. Malam ba ya karɓar komai a hannun iyayen yara. Gona yake yi a wani ƙauye bayan Kolokondé, da ita yake ci da iyalinsa.

Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, yana gyaran kunyar doya, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Kafin hantsi ƙafar ta kumbura, jini ya fara fita ta dasashi. Ba ya iya zama a kan babur. Mutanen ƙauye suka buga waya Djougou.

Abdulrashid ya tayar da mota ya fita. Ya bar kwalta, ya shiga hanyar daji, har ya iso wata fadama da ruwa ya kwanta. Ya sha ratsa wurin nan da wannan motar. Ya ja ƙaramar giya kamar yadda ya saba. Ƙarfe ya yi ƙara. Ƙafafun gaba ba su motsa ba. Na baya suka yi ta juyawa suna haƙa wa motar rami, har ta zauna da cikinta a laka.

Dattijon nan ya sauka, ya shiga laka har gwiwa. Ya sari rassa ya cusa. Manoma suka zo suka tura. Motar ba ta gaba, ba ta baya.

Da mutanen ƙauye suka gaji da jira, suka ɗora Malam a amalanken shanu suka taho. Suka iske motar a nutse. Suka wuce ta, suna jan shanu a cikin laka, suna nufin bakin kwalta. Ba su kai ba. Da la'asar suka tsaya a gindin wata kaɗanya, suka sauke shi, suka juya fuskarsa gabas. A nan Malam Muttaƙa ya cika, ba ɗansa a kusa, ba ɗalibinsa ko ɗaya.

A wannan yinin, mutuminmu yana wata hanyar daji ta wajen Parakou. Motarsa cike da sabuwar doya, tana ratsa laka ba gardama. Ya ci riba mai kyau a ranar.

Ya je ta'aziyya Djougou. Ya zauna a tabarma cikin jama'a. Ya ji ana cewa direba ya tsufa, bai iya shiga laka ba, da yaro ne da ya fita. Abdulrashid yana can gefe, kansa a ƙasa. Mutumin ya shafa fatiha tare da kowa, ya tashi ya kama hanyar Parakou.

Amma da aka jawo motar da tarakta aka kai ta gareji a Djougou, makaniken can ya buɗe akwatin, ya ga garin katako, ya ga haƙoran ƙarfe a karye tsohuwar karaya. A Parakou kuma Mourtala ya kasa riƙe bakinsa a teburin mai shayi. Kafin sadakar arba'in, babu gidan da maganar ba ta shiga ba a zangon Djougou da Ladjifarani.

Me kuke tsammani dattawa suka yi? Sun kira shi? Sun aika masa? Wallahi ba su yi ba. Suka zauna suka ce ɗan babban gida ne, kakansa ne ya ba da filin masallaci, kada a ɓata zumunci, a bar wa Allah. Suka tura motar ƙarƙashin bishiyar darbejiya a harabar masallaci, suka rufe ta da tamfol. Ba su wanke Abdulrashid a gaban jama'a ba. Ba su tuhumi mai laifi ba. Suka yi shiru, suka kira shirun nan hikima.

Sai dai shirun bai hana su hukunta shi ba. Irin hukuncinmu suka yi masa, na matsorata. Ya yi sallama a majalisa, a amsa a taƙaice, hira ta mutu. Ya tsaya a sahu, na kusa da shi ya ɗan matsa. An daina aiko masa da goron suna da na ɗaurin aure. A Arzèkè, 'yan uwansa fatake suka daina kiransa cin abinci a faranti ɗaya. Ya koma cin abincinsa a cikin mota, gilashi a rufe. Ba wanda ya zage shi. Ba wanda kuma ya dube shi ya ce, "Wane, ka ji tsoron Allah, ka mayar."

Mutum ɗaya ne ya faɗa masa, matarsa Munira. Ita ma a gaban Malam Muttaƙa ta yi karatu.

Ta ce, "Alhaji, ka mayar musu da abinsu."

"Wa ya ce miki na ɗauki abin wani?"

"Ko wurin niƙa na je, mata shiru suke yi sai na tafi. Ka mayar, ka ba Baba Abdulrashid haƙuri, mu huta."

"A harabar masallaci? Da rana tsaka, da ƙarti, kowa na kallo? Ki bar ni, na san abin da nake yi."

Ga abin da yake nufi. A da, motar tana garejin Mourtala, an yi musanya ba a idon jama'a ba. Yanzu tana gaban masallaci. Idan zai mayar da akwatin, sai ya kawo motarsa ya ajiye kusa da ita, a kwance a ɗaura a idon duk mai zuwa salla. Wannan shi ne amsa laifi. Shi kuwa bai shirya amsa laifi ba.

Sai Shaiɗan ya kawo masa wata shawara mai kama da alheri. Ya ce masa: ka nemo akwati na uku. Ka saya da kuɗinka, ka kai masallaci a matsayin sadaka. Liman ya sanar bayan sallar Juma'a cewa wane ya gyara motar wakafi. Bakin mutane ya mutu, motarka kuma ta ci gaba da aiki.

Kun ji? Yana so ya yi sata, sannan a yi masa addu'a a kanta. Yana so ya sayi sunan mai kyauta da abin da ya kamata ya biya a matsayin mai laifi. Kada ku yi mamakinsa. Mu nawa ne muke cin haƙƙin maraya, sannan mu sayi agogon bango mu rataya a masallaci?

Daga nan ya shiga nema gadan-gadan. Ya bar rumfa, ya bar manomansa. Duk inda aka ce an ga irin motar, sai ya tafi. Ya je Cotonou ya kwana a tasha. Ya je Nikki, ya leƙa bakin iyaka. Masu sayar da kayan mota suka gane shi, suka gane kuma yana cikin matsuwa.

Wani ya ce masa, "Alhaji, kai kaɗai ka rage kana neman wannan a duniya. Amma don kai ne, akwai wani da aka sake haɗawa, ya fi sabo."

Ya saya da tsada. Ya kawo Parakou, ya kai wani gareji inda ba a san shi ba, aka auna. Na motar fetur ne, tasu kuwa ta gas ce, ramukan ƙusoshi ba su hau ba. Ya koma wurin mai kaya, mai kaya ya ce ba ya karɓar abin da ya fita. Ya sake sayen wani, aka buɗe, ciki duk walda. Ya sayar da rumfarsa ta Arzèkè ya ci gaba. Manoman da suka saba jiransa suka sayar wa wasu.

Duk wannan tafiya, a kan me yake yin ta? A kan akwatin masallaci. Shi ke juyawa a ƙarƙashinsa daga gari zuwa gari.

Munira ta ce masa, "Abin da kake zaga ƙasa kana nema yana ƙarƙashin kujerarka."

Ya daka mata tsawa. Bayan wani lokaci ta kwashe yara ta tafi gidansu a Djougou, ta ce idan ya kawo motar harabar masallaci, a ranar za ta biyo shi gida. Ya zauna shi kaɗai a Ladjifarani. Ya daina zuwa masallacin unguwa, yana salla a ɗaki. In ya dawo daga tafiya, ba mai yi masa sannu da zuwa, ba hayaƙi a madafa. Yakan zauna a tsakar gida yana kallon motar har magariba ta yi.

A tsawon wannan lokaci, a Djougou ana ɗaukar gawa a ka, ana ɗaukar masu naƙuda a babur.

Da rani ya sake zagayowa, wani ya ba shi labarin wata matacciyar kat-kat a wani ƙauye can bayan Kolokondé. Wasu masu aikin auduga ne suka bar ta shekaru da yawa, tana bayan gari ciyawa ta rufe ta. Irin tasa ce sak.

Bai ɗauki makanike ba, domin ya daina yarda da bakin kowa. Ya zuba kayan aiki a mota ya tafi shi kaɗai. Hanyar ta bi da shi ta fadamar nan, a bushe, ƙasa ta tsage. Ya wuce bai tsaya ba.

A ƙauyen ya yi ciniki da wanda motar ke hannunsa. Mutumin ƙauyen ya ce, "Yau kasuwa ce, samari duk za su tafi. Ka bari gobe su kama maka. Daga ina baƙon namu?"

Ya ji tsoron tambayar. Mutanen yankin nan sun san Malam Muttaƙa, wasunsu su ne suka ja amalanken. Ya ce, "Daga nesa. Ku tafi kasuwarku, ƙaramin aiki ne."

Gari ya watse. Ya tokare motar da duwatsu, ya sa jak a ƙarƙashin akwatin, ya kwanta ya shiga. Ƙusoshin sun yi tsatsa, ya yi ta fama da su har rana ta take. Da ya kwance na ƙarshe, ya sa hannu biyu ya jijjiga akwatin don ya rabu da inji. Jak ya zame a cikin yashi. Ƙarfen ya sauko masa a ƙugu.

Ya yi ihu. Ba kowa a garin sai tsofaffi da awaki, su ma suna nesa. Ya yi ƙoƙarin turewa, ƙarfen bai motsa ba. Ya kira sunan matarsa. Ya kira Mourtala. Ya kira mutanen da ya shekara yana guje wa idanunsu, ɗaya bayan ɗaya. Ruwan tsatsa yana tsiyaya daga cikin akwatin yana jiƙa masa riga, domin damina da yawa sun shige shi, cikinsa ya riga ya ruɓe. Ko da ya fitar da shi lafiya, ba zai yi aikin komai ba.

Haka ya yini. Azahar ta wuce shi a nan, la'asar ta wuce shi. Sai da rana ta yi sanyi wata Bafulatana mai tallan nono, tana komawa ruga, ta ji nishi a ƙarƙashin matacciyar mota, ta ruga ta kira mutane.

Bai mutu ba. Amma tun daga ranar ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba.

Ya daɗe a asibiti, bai san inda kansa yake ba. 'Yan uwansa suka rasa abin da za su yi jinya da shi, suka aika ƙauyen aka jawo motarsa, suka sayar wa masu yanka motoci. Su kuwa ba sa ajiye kaya. Suka farfasa ta, inji ya yi kudu, ƙofofi suka yi arewa. Akwatin giyar masallaci wani baƙo ya saya, ya ɗora a babbar mota ya tafi, ba wanda ya tambayi sunansa ko garinsu.

Da ya farfaɗo, maganar farko da ya yi ita ce a kai motarsa Djougou, harabar masallaci, a kwance akwatin a gaban kowa. Aka ce masa babu motar.

Ya 'yan uwa, ku dubi wannan. Lokacin da abin yake hannunsa, yini ɗaya da kunyar yini ɗaya sun ishe shi. Yanzu ya yarda ya sha kunyar duniya duka, amma babu abin mayarwa.

Yana nan a wani ɗaki na baya a gidan wansa. Taga ɗaya ce, tana kallon katanga. Munira ta dawo tana jinyarsa, amma da safe takan fita neman abin da yara za su ci, ya yini shi kaɗai. Masu zuwa dubiya ba su da yawa. Wata rana Abdulrashid ya hau motar haya daga Djougou ya zo. Ya yi sallama, ya zauna a bakin ƙofa.

Mutumin ya ce, "Baba, ni ne na cire akwatin. Ba laifin tuƙinka ba ne."

"Na sani, ɗana. Tun ina cikin lakar nan na sani."

"Ka yafe mini."

"Nawa na yafe. Na Malam kuwa ba a hannuna yake ba. Da ka zo mini tun farko, ai da ni da kai mun kwance shi bayan asuba, in kama maka."

Mutumin ya juya fuskarsa bango. Abdulrashid ya ɗan zauna, ya yi masa addu'a, ya tashi don kada motar Djougou ta bar shi.

To, ga darasi, kuma ba zan lulluɓe shi ba.

Na farko, amana amana ce, ko ƙusa ce. Abin wakafi ba shi da mai shi da zai biyo ka, shi ya sa ya fi kowane abu haɗari. Masu shi su ne duk wanda zai buƙace shi, har waɗanda ba a haifa ba. A gaban wa za ka durƙusa ka nemi gafararsu? Ƙofar tuba a buɗe take, ba mai rufe ta, kuma ba na yanke wa bawan Allah nan ƙauna daga rahamar Ubangijinsa. Amma tuba daga haƙƙin mutane tana tafiya ne da mayarwa, kuma damar mayarwa ba ta jiran kowa.

Na biyu, sadaka ba ta wanke sata. Wanda ya fi tsoron idon mutane a kan tsoron Allah, zai kashe dukiyarsa da lafiyarsa yana gudun kalma ɗaya: ni ne.

Na uku namu ne, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Direba ya kawo ƙara, muka yi masa dariya. Gaskiya ta fito, muka rufe ta da tamfol. Muka daina gaisawa da mutum, muka ɗauka mun yi addini. Wannan ba addini ba ne, ragwanci ne. Da dattawa uku sun hau mota sun je Ladjifarani, sun zauna da shi sun ce, "Ɗanmu, ka yi kuskure, tashi mu je mu gyara, muna tare da kai," da yau yana tafiya da ƙafafunsa. Muna cewa girman gida muke kiyayewa. Ga gidan nan, me muka kiyaye masa? Iyayenmu dattawa, ina girmama furfurarku, amma riƙon masallaci ba zaman sa albarka ba ne kawai. Za a tambaye ku.

Kai mai karanta wannan, kada ka ce ai ni ba ni da mota. Janareton masallaci da ka kai shagonka tun bikin ƙanwarka, yana ina? Tabarmin makaranta da ke shimfiɗe a zaurenka fa? Buhunan siminti da aka ajiye a gidanka don ginin makarantar yara, ka ce za ka mayar in ka samu? Kai kuma da ka san wanda ya ɗauka kana gaishe shi da fara'a, ko ka daina gaishe shi ba ka gaya masa dalili ba, me kake jira? Ka tashi yau, tun kana da ƙafar zuwa, tun abin yana hannunka. Ka ɗauka ka kai da rana, kowa na gani. Kunyar ba za ta kashe ka ba.

Ya Allah, ka jiƙan malamanmu da suka riga mu. Ka sassauta wa bawanka da ke kwance, ka karɓi nadamarsa, ka biya masa abin da ya kasa biya. Ka ba mu ƙarfin mayar da abin da ba namu ba tun muna iyawa, ka ba mu bakin faɗa wa ɗan uwa gaskiya a gaban idonsa. Daga cin amana, da shirun da ke taya ta, Allah ya kiyaye mu baki ɗaya. Amin.